Daga Lugard Hall Zuwa Kawo da Jan Harafi a Bayan Mota

Na yi shekara ashirin ina koya wa yara karatu, amma sai da na wuce arba'in na fara riƙe sitiyari. Dalili kuwa shi ne, wani dare ciwo ya kama mahaifiyata, ga tsohuwar motar ƙanena a ƙofar gida, ba mai tuƙa ta. Sai da asuba muka sami maƙwabci ya kai mu asibiti. Washegari na nemi makarantar koyon tuƙi wadda hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, ta yarda da ita. An kafa wannan hukuma a 1988.

Mai koya mini yaro ne, sa'ar ɗalibaina na farko. Ya liƙa jan harafin L gaba da baya, muka fara a titunan Unguwar Rimi da sassafe, a inuwar manyan itatuwa. Nan motar ta yi ta mace mini, don ina saurin sakin kuloci. Sai ya ce, "Malam, a hankali dai. Ku bar ƙafa ta ji motar tukuna." Ni da nake tsawata wa yara kan gaggawa!

Wanda ya san Kaduna ya san garin shataletale ne. Turawa suka shata ta, suka mai da ita hedkwatar Arewa a 1917, da tituna miƙaƙƙu masu faɗi. Miƙaƙƙen titi ba ya koya wa mutum kome. A shataletalen Lugard Hall, gaban majalisar dokokin jiha, na gane ban iya ba tukuna. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila, ta koma dama. Saboda haka mai shiga shataletale zai dubi hagunsa, ya ba wanda ke ciki hanya. Dokar ke nan a takarda. Amma ga mai Keke Napep ya kutso ta dama, ga bas a baya tana ta hon. Na kewaya sau uku ban sami mafita ba, gumi ya jiƙa mini riga. Yaron ya ce, "Malam, ku kunna sigina tun da wuri, ku dubi madubi, ku ƙyale mai hon da honsa."

Daga nan muka hau titin Ali Akilu, muka wuce Unguwar Sarki, muka nufi Kawo. Dokar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa, ko da yake sai ka ce ni kaɗai na taɓa jin labarinta. A Kawo akwai sabuwar gadar sama da aka buɗe a 2022. Nan motocin Zariya da Kano suke haɗuwa da na Mando, kuma tilas mutum ya zaɓi layinsa tun daga nesa.

Ana saura mako guda jarrabawa, wani mutum ya tare ni a gindin bishiya. Ya ce in ba shi hoto da kuɗi, lasin zai iske ni har gida, ba sai na wahala ba. Gaskiya zuciyata ta raya mini. Amma na tuna wadda zan ɗauka a kujerar baya, da yaran da ke tsallaka titi a ƙofar makarantarmu. Na ce masa na gode.

Alamun hanya ban faɗi ko ɗaya ba, aikin malami ne. A ribas ne na taka dutsen da aka jera, mai jarrabawa ya ce in koma in sake shiri. Mako biyu ina ribas a filin makaranta bayan an tashi, tsakanin bokitai huɗu, ɗalibai suna leƙe ta taga suna dariya. Komawa ta biyu na ci. Ran Asabar ɗin nan na kai Mama duba hawan jini, ta riƙe ƙofa gam tun daga gida har muka isa.