Laifin faifai ne ko na garmaho?

A wata unguwa ta Maradi akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda tun zamanin ƙuruciyarsa yake tara faya-fayen garmaho. Cikinsu duka babu wanda yake ƙauna kamar na makaɗan Bembeya Jazz na ƙasar Gine, saboda muryar mawaƙinsu Demba Camara, wanda ya rasu cikin haɗarin mota a Dakar a 1973. Faifan nasa ya daɗe da fashewa. Sai wani ɗan kasuwa, amininsa na shekara talatin, ya samo masa irinsa a Kwatano.

Daren da ya aza faifan, ransa ya ɓaci. Muryar da ya sani tsaf ta yi kauri, kiɗan yana jan ƙafa kamar raƙumin da ya gaji. Washegari ya tarar da aminin nasa a bakin kanti, gaban mutane, ya ce masa: «Alhaji, ashe har ni za ka sayar wa jabu?» Alhaji bai tanka ba, sai dai tun daga ranar gaisuwa ta yanke tsakaninsu.

Bayan mako biyu, wani saurayi mai gyaran rediyo ya zo gidan domin wani aiki dabam. Da ya ji labarin, ya ce: «Baba, a ba ni alli da agogo.» Ya ɗiga alli a gefen farantin da ke juya faifai, ya kunna, suka shiga ƙidaya.

Ga dalilin wannan ƙidaya. Babban faifai, irin wanda kamfanin Columbia na Amurka ya fito da shi a 1948, an yanka shi ne domin ya juya sau 33 da sulusi cikin minti guda. Ƙaramin nan na RCA Victor, na 1949, sau 45. Ke nan juyi 100 na babban faifai minti 3 ne cif, babu daɗi babu ragi. A garmahon dattijon kuwa, juyi 100 ya ci minti 3 da sakan 12. Farantin bai wuce juyi 31 da rubu'i a minti ba, wato ya gaza da kashi 6 cikin 100 da ɗan ɗoriya. Giɓi irin wannan ya isa ya sauke kowace murya da kimanin rabin mataki a ma'aunin masu kiɗa. Kunnen dattijon bai yi ƙarya ba. Inda ya aza laifin ne aka yi kuskure.

Saurayin ya ɗaga farantin. Igiyar robar da ke haɗa shi da injin ta saki saboda zafi da tsufa, tana zamewa; man da ke cikin gindin sandar tsakiya kuma ya bushe, ya gauraya da ƙurar hunturu. Ya wanke, ya ɗiga sabon mai, ya sauya igiya.

Sannan ya nuna masa hanya ta biyu: takarda mai da'ira, an ja mata layuka 180 a gefe. Kuran ɗin Nijar yana kai da komo sau 50 cikin sakan, don haka doguwar fitilar nan ta neyon tana ƙyafta ido sau 100. Idan juyi ya yi daidai, layukan sai su bayyana tsaye cak. Idan ya gaza, su riƙa komawa baya. Idan ya zarce, su yi gaba. Amma ya gargaɗe shi cewa wasu injunan suna bin bugun kuran ne, kamar yadda fitilar ke bi. In bugun ya karkace, kamar yadda yakan faru da injin wuta na gida, su biyun sukan karkace tare, takardar ta ba da shaidar zur. Saboda haka agogo shi ne shaidar da ba ta cin hanci. Irin waɗannan injunan, in an ƙera su domin Amurka, inda bugun yake 60, sukan yi asarar kashi ɗaya cikin shida na saurinsu a nan, in ba a sauya musu ƙarfen da ke jan igiya ba. A yau wayoyin hannu ma suna yin wannan awo, in an aza su bisa farantin.

Da aka sake aza faifan, muryar Demba Camara ta fito tangaram, yadda take a da. Dattijon ya daɗe shiru. Shi da ya yi shekaru yana auna wasiƙu bisa sikeli, bai taɓa karɓar dala guda ba sai ya tabbata allurar sikelin tana kan sifiri, ga shi ya yanke wa amini hukunci ba tare da ya duba ma'auninsa ba.

Da la'asar ya sa hula ya nufi kasuwa. Gaban mutanen nan da suka ji zargin ya tsaya, ya ce: «Alhaji, kayanka na ƙwarai ne, garmahona ne ya tsufa. Ka gafarta mini.» Alhaji ya tura masa tabarma, ya ce a kawo shayi.