Wa zai gyara maganar Bahaushe?

A makarantunmu na Faskari, da na Ƙanƙara da Sabuwa, da wuya ka shiga aji ba ka tarar da mai in'ina ba. Malam ya ce ya tashi ya yi karatu, aji ya fashe da dariya, daga ranar ya koma kujerar baya. A gida kuma ga kakan da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana, kowa na cewa sai haƙuri. A jami'a na fara jin cewa su biyun nan aikin mutum ɗaya ne, masanin gyaran magana, kuma karatu ake yi kafin a zama shi.

Ƙannena, hanyar daga ajin kimiyya take farawa: kiredit biyar a WAEC ko NECO, da Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fizik, sannan JAMB. Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Ondo tana ba da digiri a fannin. Wasu kan bi ta sashen ilimin masu buƙata ta musamman, irin na Jami'ar Bayero ko ta Jos, su wuce Ibadan digiri na biyu. Takardar jami'a kaɗai ba ta isa ba. Sai an yi rajista da hukumar MRTB, wadda dokar 1988 ta kafa, kafin a fara duba marasa lafiya. A Amurka ma sai da digiri na biyu, da awa 400 na koyon aiki, da jarrabawar Praxis.

Nisan Ondo bai dame ni kamar batun harshe ba. Ana gyara magana ne a cikin yaren da mutum ya tashi da shi. Yaron da ke cewa "kafa" yana nufin "ƙafa", ko "dari" a maimakon "ɗari", wanda bai sha Hausa a nono ba zai iya wucewa bai ji komai ba. Ita kuma tsohuwar da maganarta ta tafi, da sunayen jikokinta da gaisuwar safe za a fara dawo mata da ita. Ku da ake yi wa tsawa don kun yi Hausa a aji, wannan kunnen kuna da shi tun kafin firamare. Saura Kemistiri, kuma na san a nan da yawanmu ke tsayawa.