Ranar da na yi alwala da ruwan Iyake

Rubutun nan da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Shekarata uku a Ibadan, amma in ka ce in zana maka taswirar garin, wuri huɗu kawai zan iya sawa: hostal, ajin lakca, masallaci, sai Sabo inda muke zuwa cin tuwo in kewar gida ta taso. Na san da yawanmu haka muke. Ranar da zan taho, Umma ta riƙe hannuna a tasha ta ce, "Karatu na aike ka, ba yawo ba. Kada ka fita garin nan sai in gida za ka zo." Ban ga laifinta ba. Ta ji labarin rikicin kasuwar Sasa na 2021 a rediyo, ta ji na Igangan, kuma a wurinta duk ƙasar Yarbawa gari ɗaya ce.

To Asabar ɗin da ta wuce na karya wannan alƙawarin.

Ɗan ɗakinmu Bayarabe ne, mutumin Iseyin. Tun muna aji biyu yake damuna da zancen wani tafki da ke kan dutse kusa da garinsu. Ni kuwa dariya nake masa, in ce ruwa ai kwari yake nema, me zai kai shi kan dutse? Da muka gama jarabawa ya ce ko in bi shi ko in daina ƙaryata shi. Na sa maganar a gurup ɗinmu na ɗaliban Arewa. Mutum 11 suka ce in sha Allah, kun dai san irin in sha Allahun nan. Wani ya biyo ni ta gefe ya ce, "Kai, Oke-Ogun fa ka ce? Da wannan fuskar taka ta Fulani?" Ranar tafiya mu biyu muka bayyana, ni da wani ɗan Gombe da muke kira Ustaz, sai mai gayyar.

Daga Moniya muka hau mota zuwa Iseyin, garin masaƙan aso-oke, daga nan muka sake wata zuwa Ado-Awaye. Gaskiya a motar nan hankalina bai kwanta ba. Tun kafin mu bar Ibadan na cire hulata na cusa a jaka, abin da har yanzu in na tuna sai in ji kunya. Ustaz kuwa da hularsa da ɗangalallen wandonsa ya zauna daram, har wata tsohuwa ta kira shi "Mola" ta miƙa masa ayaba.

Dutsen sunansa Oke-Ado, yana tsaye a kan garin kamar mai gadi. A gindinsa muka biya kuɗin shiga aka haɗa mu da ɗan jagora. Farkon hanyar matakala ce, ta haura taki 300. Ni ɗan Kano ne, na hau Dala ba adadi, sai na shiga gaba ina cika baki. Ashe a Dala kafin ka gama haki ka iso, nan kuwa matakalar sharar fage ce. In ta ƙare sai ka fito kan falalen dutse, inuwa sai jefi-jefi, wani wurin dole ka haɗa da hannu. Kurakuranmu kuwa ba a magana. Sai wajen ƙarfe 11 muka fara hawa, rana ta riga ta gasa dutsen. Ruwa kuma fiya wata uku-uku muka riƙo. Ustaz ma silifas ya sako, wai ai yawon buɗe ido ne ba yaƙi ba.

A hanya jagoran ya riƙa tsayar da mu. Ya nuna mana wasu ramuka a jikin dutse masu kama da sawun ƙafa, waɗanda suke kira sawun magabata. Ya ce kakanninsu a saman nan suka zauna don gudun mayaƙan Dahomey, sai da ƙasa ta lafa suka sauko. Sai muka iso wani ƙaton dutse da ake kira Ishage, yana tsaye a kan ɗan ƙaramin gindi kamar in ka tura shi zai faɗi, an ɗaura masa farin ƙyalle. Ya ce nan ake zuwa roƙo, musamman in ruwan sama ya yi jinkiri. Ustaz ya ja tsaki ƙasa-ƙasa yana a'uzubillahi. Ni ma ban matsa kusa ba. Amma na tuna a firamare an karantar da mu labarin Barbushe da Tsumburbura a kan Dala, kuma ba wanda ya ce don haka Kanawa ba Musulmi ba ne. Na ja bakina na yi shiru.

Sannan muka ga tafkin. Iyake.

Zan faɗi gaskiya, da farko raina shi na yi. Kududdufin unguwarmu da damina ya fi shi faɗi. Sai da na zauna na huta abin ya fara shiga kaina. Ga ruwa kore, kwance tsit a cikin kwarmin dutse, ba rafin da ke shigo masa, ba wanda ke fita, ga rufin kwanon garin can ƙasa kamar an watsa kwalayen ashana. Jagoran ya ce ba ya ƙafewa ko da rani, ba wanda ya san zurfinsa, kuma ba a shiga. Ya nuna wani ɗan rami a gefe ya ce ko da wasa kada mu sa ƙafa. Ya ƙara da cewa irin wannan tafkin biyu ne a duniya, ɗayan a Kolorado ta Amurka. Wannan dai nasa ne, ni abin da idona ya gani nake ba ku. Wata mata tana durƙushe a bakin ruwan tana cika gora tana motsa baki, ɗan ɗakinmu ya raɗa min cewa masu neman haihuwa kan zo ɗiba.

Nan fa aka zo wurin. Ƙarfe 2 ta wuce, ba mu yi Azahar ba, ledar ruwa ɗaya ta rage mana mu uku. Gwiwoyina sun riga sun gaya min saukar nan ba ta kusa ba ce, La'asar na iya riskar mu a hanya. Na ce mu yi taimama a kan dutse. Ustaz ya kalle ni ya ce, "Taimama? Ga ruwa a gabanka?" Na ce ai ka ga launinsa. Ya ce in koma in bita Ishmawi, ruwan da gansakukar da ta fito a cikinsa ta canza masa launi, ko daɗewa a wuri ɗaya, yana nan da tsarkinsa. Wallahi ya fi ni gaskiya, kuma na sani.

Launin ruwan hujja ce kawai na kafa. Tsoro biyu ne a raina. Na farko, kada a ce ga Bahaushe yana wanke ƙafa da ruwan da mutane ke girmamawa, wani ya ɗauka a waya, kafin mu sauka magana ta zama wata aba. Na biyu, kada in tsuguna gefen matar nan ina ɗiba a ɗauka abin da take nema nake nema. Ina ta wannan saƙe-saƙen, ɗan ɗakinmu ya juya ya tambayi jagoran da Yarbanci, ko shawara da ni bai yi ba.

Mutumin ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce shi ma Musulmi ne. Ya karɓi gorar Ustaz ya cika mana da kansa, ya ce mu koma can gefe don kada ruwan alwalar ya gangaro ciki, sannan ya nuna mana alƙibla. Shi ke nan fa. Abin da na kwashe minti goma ina auna shi a raina kenan.

Ruwan da sanyi, da ɗan warin ganye. Dutsen kuma ba ya taɓuwa da goshi, sai ɗan ɗakinmu, wanda Kirista ne, ya cire rigarsa ta sama ya shimfiɗa mana. Ustaz ya ja mu, ni da jagoran a baya. Da muka sallame na laluba jaka na ciro hulata, duk ta yamutse, na sa abata.

Kada wani ya ce na ce ko'ina lafiya lau ne. Yini ɗaya na yi, kuma da ɗan gari a gefena. Wanda ya turo min saƙon nan ma yana da dalilinsa, akwai waɗanda suka rasa dukiya da 'yan uwa a Sasa.

Saukowa ta fi hawa azaba. Silifas ɗin Ustaz ya tsinke tun kafin mu kai matakala, ya ƙarasa da ƙafa ɗaya a takalmi yana tsalle kamar ɗan langa. Ledar ruwan nan kurɓi-kurɓi muka raba ta. Wanda zai je, don Allah ya fara hawa da sassafe, ya sa takalmi mai kama ƙasa, ya ɗauki babbar gora, kuma in an yi ruwan sama ya haƙura, falalen nan in ya jiƙe ba na wasa ba ne. A ƙasa muka ci amala da gbegiri, malmala uku na tashi da ita, ni da nake cewa ba na cin baƙin tuwo.

Jiya da daddare Umma ta kira ta ce muryata kamar ta wanda ya yi dako. Na ce mata gajiyar jarabawa ce. Ita ba ta Facebook, amma Yaya tana yi. Yaya, na san za ki ga wannan. Don girman Allah ki bari in na zo hutu ni zan gaya mata da bakina.