Abin Da Mutanen Maya Suka Tuna Mini

Ran nan malaminmu na tarihi ya shigo aji riƙe da masara guda. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Wa zai gaya mini asalin wannan?" Nan da nan na miƙa hannu na ce daga Masar ta fito, tun da ga sunanta nan. Malam ya yi murmushi ya ce na yi ƙoƙari, amma na faɗi. Ya ce a kudancin ƙasar Meksiko aka fara noma ta, kimanin shekara 9,000 da suka wuce, kuma ita ce abincin da ya raini wata al'umma da ake kira Maya.

Daga nan ya shiga ba mu labarinsu. Mutanen Maya sun zauna a yankin da yanzu ya haɗa kudancin Meksiko da Gwatamala da Beliz da wani sashe na Honduras. Suna da rubutu nasu na kansu, sun san sifiri a lissafi, suna kuma ƙidayar kwanaki ta hanyar lura da rana da wata da taurari. A birninsu na Tikal sun yi ginin dutse da ya haura mita 60. Da yake babu kogi kusa da birnin, sai suka haƙa manyan tafkuna suna tara ruwan damina. Amma wajen shekara ta 900, birnin ya zama kufai. Masana sun ce fari mai tsawo ne ya haɗu da yaƙe-yaƙe da saran itatuwa, har mutane suka watse. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne littattafansu. A shekarar 1562 wani limamin kirista ɗan Sifen mai suna Diego de Landa ya sa aka tara su aka cinna musu wuta a garin Mani. Yau guda 4 kacal suka rage a duniya.

Ina cikin jimamin wannan sai Malam ya juyo gare ni ya ce, "Kai ɗan Illela, ga ku da naku tafkin. Ba mu labarin Kalmalo." Na miƙe tsaye, na buɗe baki, amma ko kalma ɗaya ba ta fito ba. 'Yan aji suka bushe da dariya. A daren nan na daɗe kwance a ɗakin kwananmu barci bai ɗauke ni ba. Ga shi na haddace sunan birnin da ke bayan teku, amma wurin da ke bayan gidanmu ban san komai a kansa ba.

Da aka ba mu hutu, ko akwati ban kwance ba sai da na je wurin kakana. Tsoho ne tukuf, idanunsa ma sun fara rauni. Da na gaya masa abin da ya faru sai ya yi dariya ya ce, "To, ɗan boko, yau kai ad da tambaya? Ɗauko mini sandata." Muka sami mai babur ya kai mu Kalmalo.

Muka tsaya a bakin wani fili mai faɗi, ƙasa duk ta tsattsage, awaki na kiwo can nesa. Kaka ya nuna da sandarsa ya ce, "Wanga fili duka, da ruwa na." Ya ce yana saurayi a nan yake su, ya hau gora ya shiga tsakiya, ya fito da tarwaɗa da karfasa. Da rani kuma ana noman albasa da alkama a gefen ruwa. Fulani su kawo shanu su sha, Buzaye su sauke raƙuma, Gobirawa da Adarawa su yi ciniki, mutanen Ƙonni su zo sayen kifi ba mai tambayarsu takarda. Ya ce farin 1973 ne ya fara taɓa tafkin, na 1984 ya ƙara masa rauni. Ruwan kuwa dama daga Nijar yake gangarowa ta kwarin Maggiya, kuma a can ma an yi madatsun ruwa don noman rani. Na ce, "Ashe su suka tare mana?" Kaka ya girgiza kai ya ce, "Yi a hankali, yaro. Su ma manoma na, kuma kakarka ɗiyar Ƙonni ta. Ƙishirwa ba ta san iyaka ba."

Da muka koma makaranta na kai wa Malam abin da na rubuta, shafi shida cur. Ya karanta, ya ƙara mini da cewa a shekarar 1990 Nijeriya da Nijar sun sa hannu kan wata yarjejeniya a Maiduguri ta raba ruwan da suka yi tarayya a kai, har da na Maggiya. Ya kuma gyara mini wani kuskure. Na rubuta cewa mutanen Maya sun ƙare, ya ce a'a, biranen ne suka mutu. Jikokinsu miliyoyi suna nan har gobe, suna noman masara, suna magana da harsunansu wajen 30. Sai dai da yawa daga abin da kakanninsu suka sani ya tafi tare da hayaƙin nan na Mani.

Mu ba wanda ya ƙona mana littafi. Namu littattafan suna zaune a zaure kan buzu, suna jan carbi, kullum kuma ana binne ɗaya. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Saboda haka, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, in hutu ya zo kowa ya sayi littafin rubutu ya zauna gaban tsohon gidansu. Ni dai na yi wa Kaka alkawarin komawa, don ya ce saura labarin yadda aka ja iyaka tsakaninmu da Ƙonni. Allah ya sa in tarar da shi lafiya, amin.