Dawar Kona: dafi a tsiro, rini a kara

Daga Katsina na bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, na yi gabas zuwa Tasawa, na sauka Kona ana cikin marka. Ƙasar jigawa ce, gero ya fi yawa, da wake da yakuwa a tsakanin kunyoyi, amma dawarsu ce ta tsayar da ni.

A bakin wata gona na tarar da dattijo yana korar jajayen awakinsa daga gyauron dawa da bai kai gwiwa ba. Na ce, "Baba, ga ciyawa ɗanya shar, me ya sa kake hana su?" Ya ce, "Ɗana, wannan ajali ce. In ruwa ya ɗauke ta yi yaushi, akuya ta ci, ba ta kai la'asar."

Gaskiyarsa. Tsirrai na ƙera wa kansu tubalan furotin guda uku da jikin mutum da na dabba ba sa iya ginawa daga tushe: fenilalanin, tairosin da tiriftofan. Ƙaramar dawa kan ɗauki tairosin, ta bi da shi ta hannun inzayim uku, ta mai da shi wani sinadari mai suna durin, wanda masana Dunstan da Henry suka gano a 1902. Muddin ganyen na nan lafiya, durin na kwance. Da haƙori ya tauna ganyen sai durin ya fashe ya saki sayanaid, gubar da ke hana jiki amfani da iskar da aka shaƙa. Dawa na girma dafin na raguwa, shi ya sa karmamin kaka yake zama abincin dabba. Manoman nan sun san wannan lokaci sarai, kuma abin ya burge ni matuƙa.

Fenilalanin kuwa shi ake sarrafawa ya zama lignin, mai ƙarfafa karan da ake danga da rumbu. Daga fenilalanin ɗin kuma jan karan dafi, wani nau'in dawa, ke fitowa. Na ga an daka kuben ganyensa, an zuba ruwan toka, nan take ƙwarya ta yi jawur. Da wannan jan dukawa ke rina fatar akuya bayan majema sun jeme ta da bagaruwa, irin wannan ganye kuma ake jefawa cikin shinkafa da wake a Gana. Jan zoɓo ma ta wannan hanya yake zuwa.

Mai karatu, in hanya ta kai ka ƙasar Tasawa da damina, ka tsaya ka tambayi manomi labarin dawarsa.