Darasi a Gida, Tambaya a Aji

A shekarar 2007 wasu malaman kimiyyar sinadarai su biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, na sakandaren Woodland Park a jihar Colorado ta Amurka, suka fara naɗar darussansu a bidiyo saboda ɗaliban da kan yi doguwar tafiya zuwa gasar wasanni, karatu ya wuce su. Sannu a hankali suka juya tsarin ɗungurungum: bayani a kalle shi a gida, aikin gida kuma a yi shi a aji gaban malam.

Matasan malamai kan zo mini da labarin suna rawar jiki, sai in yi murmushi. Wanda ya yi karatun zaure ya san ba a zama gaban malam sai an yi muɗala'a. Kai za ka riƙa biyawa, inda harshenka ya sarƙe nan malam zai tsaya.

Wannan tsayawar ce ta fi damuna, fiye da bidiyon. Lokacin da malam ya samu bayan ya sauke nauyin dogon bayani, me zai yi da shi? In dai "kun gane?" zai ce, aji ya amsa "mun gane" baki ɗaya, to an yi ba a yi ba.

Ga abin da na ga yana aiki. Ka rubuta rabi a tara da sulusi, kowa ya rubuta amsa a takarda ya ɗaga sama. Za ka ga 2/5 birjik, alhali 5/6 ce. Nan take ka san ciwon: suna tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Kada ka yi saurin gyarawa. Ka ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya kare amsarsa, sannan su sake ɗagawa. Sau da yawa yaron da ya gane jiya ya fi malam iya warware wa ɗan uwansa, don bai manta inda ya sha wuya ba. Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard, da irin wannan dabara ya yi suna tun farkon shekarun 1990.

Mu ma manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta zo da auna ɗalibi a kai a kai, amma a makarantu da dama abin ya koma cika rajista da maki. Gwajin da bai sauya darasin gobe ba, wahalar da jan biro ne kawai.

Sai dai a yi hattara da batun "gida". Akwai gidan da babu wuta balle data, akwai yarinyar da talla ke jiranta da la'asar. Irin waɗannan, shafi ɗaya da tambayoyi uku ya wadatar, wanda bai samu dubawa ba kuma a ba shi minti goma na farko ya karanta, ba tare da tsawa ba.