Biyu Da Biyu Huɗu Ne Ko Babu Mai Ƙirgawa

A shekarar 1891 wani malamin jami'a a Jamus mai suna Edmund Husserl, wanda asalin karatunsa lissafi ne, ya wallafa littafi yana neman tushen lambobi a cikin yadda zuciyar mutum take tattara abubuwa tana ƙirga su. A 1894 masanin manɗiƙi Gottlob Frege ya soke shi da cewa ya cuɗanya lamba da tunanin mai ƙirgawa. Da shekarar 1900 ta zo, sai ga Husserl da kansa yana yaƙar wannan ra'ayi a sabon littafinsa na binciken manɗiƙi.

Hujjarsa kuwa ita ce: in dokokin manɗiƙi ɗabi'ar ƙwaƙwalwa ce kurum, to ranar da ƙwaƙwalwa ta sāke, su ma sai su sāke, kowace al'umma ta riƙe tata gaskiyar, gardama kuwa ta rasa alƙali. Alhali biyu da biyu huɗu ne ko mai ƙirgawa ya yi barci. Tunani yana da farko da ƙarshe. Abin da aka yi tunaninsa ba ya tsufa.

To, ta ƙaƙa mutum zai riski gaskiyar da ba shi ya ƙaga ba? A nan ne maganarsa ta fi armashi. Wanda aka gaya wa cewa akwai ruwa a rijiya yana riƙe da ma'ana, amma fanko ce. Sai ya zura guga ya jawo, abin da ya nufa da abin da ya gani su haɗu, sa'an nan ma'anar ta cika. Wannan haɗuwa ita ce tabbaci. Sai dai ido gefe guda yake gani. Bayan tulu zato ne har a juya shi, watau tabbacin ido yana karɓar gyara, na lissafi kuwa da wuya.

Zamani bai yi masa adalci ba. Tun daga 1933 dokokin 'yan Nazi suka yi ta ƙuntata masa saboda asalinsa Bayahude ne, kuma Martin Heidegger, wanda ya gaji kujerarsa a Freiburg, ya shiga jam'iyyarsu a wannan shekara. Husserl ya rasu a 1938. Wani limamin Katolika, Herman Van Breda, shi ya fitar da rubuce-rubucensa, wajen shafi 40,000, zuwa Leuven ta ƙasar Beljiyam, inda suke ajiye har yau.